Ciyawar da Muka Bari Saboda Baƙi

Har gobe ba zan manta da ranar da aka ce mu mayar da ashana aljihu mu jira baƙi ba. Wajen ƙarshen mulkin soja ne, ina ƙaramin malamin daji a ofishinmu na Gashuwa. Wani kamfanin haɗa magunguna daga Legas ya zuba jari a ƙauyukan arewa da mu. Ya raba wa manoma dashen dakwara, da alkawarin sayen ƙaron da za ta yi, don da shi suke haɗa maganin tari. Wakilinsu shi ne Alhaji Sani, wani ɗan kasuwar Nguru.

Ga wanda bai san aikin ba, da ruwa ya ɗauke, tun ciyawa na da sauran ɗanyantaka, mukan share layi kewaye da gona, mu cinna wa ciyawar bayan layin wuta da sassafe. Irin wannan wuta rarrafe take yi, da reshe ma sai ka kashe ta. In gobarar rani ta zo, sai ta tarar babu abin ci. Mu muna kiranta ƙunar farko.

Gonar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Baba Bukar, dattijon da ya haƙura da gero a rabin gonarsa ya dasa dakwara. Shekaru ya yi yana rainonta, kuma a ranin nan ne za a fara tsaga ta don ta zubo ƙaro.

Mun gama share layi ke nan sai ga motar Alhaji.

"Malam, a dakata. Manyan kamfani na tafe da masu hoto. Suka ga toka, cewa za su yi mun ƙone musu dukiya."

"Ranka ya daɗe, ciyawar bushewa take yi."

"Na sani, ni ma ɗan manomi ne. Mako ɗaya kawai."

Shugabana ya goyi bayansa. Mako ya zama wata, wai wahalar man fetur ta hana baƙin tasowa. Ciyawa ta bushe ƙamas, har ta kai mu ma ba mu isa mu cinna mata wuta ba. Duk ranar kasuwa Baba Bukar sai ya leƙo ofis ya ce, "Ɗana, yaushe?" Har na gaji da haɗa ido da shi.

Wata rana da azahar masu farautar gafiya suka sa wuta, iska ta ɗauka. Ta tsallake layinmu kamar ba a share ba. Ko da muka isa, itatuwan sun zama gawayi a tsaye.

Daga baya baƙin suka zo. Babbarsu ta zagaya gonar, sannan ta yi tambaya cikin ladabi: me ya sa ba a yi ƙunar farko ba? Ta ce duk inda suke aiki ita suke fara dubawa. Alhaji ya dubi shugabana, shugabana ya dube ni.

Da aka fassara wa Baba Bukar da Barbarci, sai ya ce, "Ashe ba su suka hana ba?"

Abin da na koya, ku masu tasowa, shi ne ba wuta ce ke gajiyar da mutum a aikin nan ba. Mu ne, da yawan ƙiyasta abin da manya ke son gani, babu mai buɗe baki ya tambaye su. Da damina ta kewayo na kai wa Baba Bukar sabon dashe. Ya yi godiya, ya ce in bai wa wanda yake da sauran shekarun jira.