Gaisuwar Hajiya Fati da Ta Kashe Mana Manhaja

Har gobe ba na manta Talatar da oga ya kira ni ofishinsa, fuskar nan a murtuke. Lokacin ni ne ƙarami cikin masu rubuta manhaja a wani ɗan kamfani a nan Minna, mu biyar kacal. Mun yi wa wata ƙungiyar masu hatsi a Kasuwar Kure manhajar aika saƙo, kuma ni na rubuta ɓangaren saƙon murya.

"Manhajar tana rufe kanta a wayar shugabar mata," in ji shi. "Sun ce in ba a gyara zuwa Juma'a ba, sun bar mu." Su kaɗai ne abokan cinikinmu.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, ba ka gyara matsala sai ka sa ta faru a gabanka. Ni da Rahila mai gwada mana manhaja, 'yar Kafanchan, muka yi yini biyu muna "halo, halo, ɗaya, biyu" cikin wayoyi iri-iri. Komai lafiya lau. Ranar Alhamis ta gaji, ta ce mu tashi mu je kasuwar.

Muka tarar da shugabar, Hajiya Fati 'yar Bida, tsakanin buhunan shinkafa. Na roƙe ta ta aika saƙo mu gani. Ta danna, ta yi wa dillalinta na Zungeru sallama. Ta tambayi iyali da yara ɗaya bayan ɗaya, da gajiya, da ruwan sama, har da ƙafar mahaifiyarsa. Bayan minti uku ta ce, "To, maganar motar nan..." Sai allon ya yi ɗif.

"Ka gani ko? Kullum nan ne yake mutuwa!" in ji Hajiya.

Rahila ta juya baya tana dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Na tsara abin ne ya riƙe muryar gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar waya har a gama, ƙaramar waya kuwa sai ta cika ta shaƙe.

Na so in yi wayo. "Hajiya, da za ki ɗan rage gaisuwar..."

"Ɗana, in faɗa wa mutum magana ba gaisuwa, kamar ɗan sanda? Kai ka je ka gyara abinka."

Muka koma ofis na gyara, ya zama ana ajiye muryar guntu-guntu tana cikin magana. Da safiyar Juma'a Hajiya ta gwada, minti bakwai cur, saƙo ya tafi. Dillalin ya amso da na minti tara, shi ma ya iso. Ƙungiya ta zauna da mu.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kada ku gwada manhaja da irin maganarku ta ofis. Mun yi wa mutanen garinmu abin magana, amma cikin mu biyar ba wanda ya tuna yadda uwarsa ke waya.