Malam Isiyaku da Gurbin Babban Yatsana

Ina zaune a zaure bayan sallar La'asar maƙwabcina Alhaji Mamman ya yi sallama. Ya tuɓe takalmi amma bai zauna ba. Ya ce, "Baba Akawu, sai haƙuri. Malam Isiyaku mai gyaran kwamfuta Allah ya yi masa cikawa ɗazu a Kurfi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san yana kwance, amma an ce mini zazzaɓi ne. Ƙafafuna ba su iya kai ni jana'iza ba. Na zauna ina duban teburina, inda aikin hannunsa yake ajiye, saura abu ɗaya ya kammala.

Ni tsohon akawu ne. A kan tafireta na koyi aiki, a kanta na tsufa a nan Dutsin-Ma. Bayan rasuwar matata gida ya yi mini faɗi, domin 'ya'ya duk aiki ya kai su nesa. Abu ɗaya ya rage nake so in yi kafin in bi ta: in rubuta wa jikokina asalinsu na ƙauyenmu Makera, wa ya haifi wa, wa ya sari wace gona. Waɗanda suka san wannan duk sun tafi, saura ni. To amma hannuna ya fara rawa, alƙalami ba ya tsayawa, tafiretar kuma ta daɗe da mutuwa. 'Yata ta aiko mini da kwamfuta ta ɗorawa a cinya. Ban jima da ita ba na ɓalle mata haruffa biyu.

Abin da ya kai ni shagon Malam Isiyaku ke nan, can kusa da kasuwa. Mutum ne matsakaicin shekaru, ɗan Kurfi, mai yawan murmushi da ƙarancin gaggawa. Ya ce in buga ya gani. Da na buga sai ya dafe kai.

"Baba, wannan ai sussukar gero ce! Me ta yi maka?"

Na ce, "Ita ce ba ta da ladabi. Ka taɓa ta, ba ta amsawa."

Ya yi dariya har ya share ido, sannan ya ƙura wa yatsuna ido. Ya ce, "Ba laifinka ba ne. Na'ura ce ya kamata ta bi hannu, ba hannu ya bi na'ura ba. Zan haɗa maka kibod, wato allon maɓallan rubutu, naka na kanka, wanda za a jona da ita." A lokacin ban san ana haɗa irin wannan abu da hannu ba.

Ya hana ni wahalar zuwa shago, shi yake zuwa. Zai jingina babur ɗinsa a ƙofar zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi ƙafa, ya tambayi ko na ci abinci, kuma ba ya yarda da amsar farko. Sai bayan nan ya buɗe jaka. Ya koya mini cewa kowane maɓalli yana da ciki, yana da hula. Cikin shi ne mai sifirin da ke karɓar dannawa, hular kuma ita yatsa ke taɓawa. Ya jera cikin iri-iri a kan ɗan katako, wani shiru, wani mai ƙara, wani mai tauri.

"Rufe ido, Baba. Kar ka duba, ka danna."

Na yi ta dannawa kamar mai zaɓen kankana, har na zo kan wani mai nauyi da ya ce ƙas a ƙarƙashin yatsana. Na ji ofishinmu na da ya dawo mini gaba ɗaya. Ya ce, "Shi ke nan, fuskarka ta faɗa."

A gabana ya liƙa su ɗaya bayan ɗaya da narkakkiyar dalma, hayaƙi yana shiga idonsa, yana ba ni labarin 'ya'yansa. Idan ɗaya ya karkace ko kaɗan, sai ya cire ya sake. Na taɓa ce masa ya bari, ba wanda zai gani. Ya ce, "Ido ba zai gani ba, amma yatsanka zai ji kullum."

Wajen zaɓen huluna muka fi yin gardama. Ya zube su a faranti, ja da kore da ruwan hoda, irin waɗanda ɗaliban jami'a suke so. Na ce, "Malam, alewa ka kawo mini?" Ya ce ai gwada ni yake yi, ya ga ko da sauran ƙuruciya. Sannan ya fito da na gaskiya: masu launin madara, dogaye, da manyan baƙaƙen haruffa, samansu da ɗan kwari yadda yatsa mai rawa zai faɗa ciki ya zauna. Haruffan nan namu masu lanƙwasa, waɗanda a da sai mun cire takarda mu ƙara musu ƙugiya da biro, ya ba kowanne maɓallinsa, ya sa musu hula ruwan ƙasa don in gane su da wuri.

Duk da haka aiki bai yi ba. Dogon maɓallin nan na ƙasa, mai raba kalma da kalma, ya ƙi ni. Babban yatsana ya riƙa zamewa a kan hularsa ta roba, kalmomi suna cuɗewa. Na karaya. Na ce masa, "Bar shi haka, ɗana. Hannun ne ya ƙare." Ya tashi ya yaye zanen da na rufe tsohuwar tafireta da shi, ya shafa dogon maɓallinta na katako. Ya kira ni in taɓa. Ashe shekarun aiki sun sa yatsana ya ci wurin, ya yi ɗan gurbi a gefen dama. Ni mai ita ban taɓa lura ba.

Ya fita waje ya kwaɓo yumɓu, ya danna a gurbin ya ɗauki siffarsa. Ya ce akwai wani masassaƙi a Birchi mai yin akushi, shi zai sassaƙa mini sabo da wannan gurbin. Ya cire na robar ya tafi da shi don awo. Daga kan babur ya ce, "Baba, ka fara tuno sunayen kakanni. Ina dawowa ba ka da sauran uzuri." Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Bayan sadakar bakwai ƙaninsa, Malam Hadi, ya zo da wani abu a naɗe cikin hankici. Ya ce matar marigayin ce ta aiko. Ta ce masassaƙin ya kawo maɓallin katakon tun farkon ciwon, kuma Malam Isiyaku yana kwance yana goge shi, yana shafa masa man kaɗanya, ya liƙa masa ƙafafun da za su kama. Da jiki ya yi nauyi ya ce mata, "A kai wa Baba Akawu. A ce ya ɗora daidai, ya danna tsakiya da gefe biyu har ya ji ya zauna."

Na yi yadda ya ce. Na ɗora hannu, babban yatsana ya gangara cikin gurbinsa kamar bai taɓa barin wurin ba.

Da shi nake rubuta wannan, kuma shi ne abu na farko da na rubuta. Gobe in Allah ya kai mu zan fara kan mutanen Makera, amma na ga bai dace jikokina su karanta sunan kowa ba kafin su san wanda ya mayar wa kakansu hannunsa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isiyaku, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya sauƙaƙa wa mai rauni, ka sauƙaƙa masa hisabi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba matarsa da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa haƙurin rashinsa, ka raya 'ya'yansa bisa halinsa, ka haɗa su da masu tausaya musu. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.