Gaskiya Ka Faɗa, Malam Datti

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris, 1997, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Datti mai gyaran agogo na Badarawa, bayan jinyar kwana tara. Ina ofis aka aiko mini. Kafin in sami mota in iso har an sallace shi, sai a maƙabarta na tarar da jama'a ana zuba ƙasa.

Malam, na san ka tun 1983, shekarar da na zo Kaduna da takardar ɗaukar aikin akawu, na kama ɗaki a layinku. Agogona ne ya tsaya na kawo maka. Kana buɗe bayansa ka tambaye ni ko na san minti nawa hasken rana ke yi kafin ya iso ƙasa. Na ce ban sani ba, ni da na gama sakandare. Ka ce minti takwas da 'yan daƙiƙu, ka ci gaba da aikinka. Daga ranar na zama ɗan bencinka.

Duk wanda ya zauna Badarawa a shekarun nan ya san bencin nan na bayan La'asar. Ba ka taɓa shiga aji ba, allo ka yi a Zariya, sannan ka yi masinja a ofishin safiyo, masu awon ƙasa, har ka yi ritaya. Amma rediyonka ba ta mutuwa, kuma kana da littattafan rubutu irin na 'yan firamare da kake cikawa da ajami. Ba ka rubuta abu sai ka ji shi daga wuri biyu. A bakinka muka ji cewa macen sauro ce kaɗai ke cizo, da dalilin da ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa, da yadda aka shimfiɗa layin dogo har ya kai Kano. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, sai ka ce a ba ka mako guda.

A 1986, da aka yi ta maganar tauraruwa mai wutsiya, tsoro ya kama mutane, wasu na cewa alamar annoba ce. Kai ka bi zaure zaure kana bayanin cewa halitta ce daga halittun Allah, tana da lokacinta, duk bayan shekara saba'in da shida take dawowa, kuma mahaifiyarka ta ba ka labarin ganinta tana budurwa. Har liman ya sa ka maimaita a ƙofar masallaci.

Abin da ba zan manta ba shi ne daminar 1988. Rabi, 'yata ta fari, tana da wata goma gudawa ta kama ta, ina Birnin Gwari wajen aiki. Idonta har ya faɗa. Uwarta, Safiya, ta rasa yadda za ta yi. Matarka Inna Yalwa ta sanar da kai, ka zo da kanka da kwalbar da ka wanke, ka auna gishiri da sukari a tafasasshen ruwa yadda ka ji likitoci sun koyar, ka zauna a ƙofar ɗaki kana cewa a ba ta cokali cokali, kafin a sami motar asibiti. Likitan da ya duba ta ya ce wannan ruwan ne ya riƙe ta. Yau Rabi tana aji huɗu.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ina so duk wanda ya halarci sunan ɗana a watan Nuwamba na 1995 ya karanta.

A lokacin an ƙara mini girma, na koma Mando. Na gayyaci daraktanmu da wasu manyan ofis, aka shimfiɗa musu darduma a inuwa. Kai ma ka zo da farar rigarka ta Juma'a, tun daga Badarawa. Hira ta kai ga tarihi, sai ka ce ai an tono wani kwalekwale a Dufuna, can ƙasar Yobe, wani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya, kuma masu bincike sun auna sun ce ya kai shekara dubu takwas, ya girmi dalar Masar nesa ba kusa ba. Darakta ya yi dariya, ya ce wane irin itace ne zai yi shekara dubu takwas bai ruɓe ba, a wannan busasshiyar ƙasa. Sauran suka taya shi. Ka waiwayo ka dube ni, domin ni ne na san ba ka faɗin abin da ba ka tabbatar ba. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ranka ya daɗe, a yi masa uzuri. Malam bai yi boko ba, duk abin da rediyo ta faɗa haɗiyewa yake yi."

Aka sake fashewa da dariya. Ka sunkuyar da kai, ka ce, "Haka ne, Abdurrahim, ban yi ba." Ka jira aka yi addu'a, ka shafa kan jaririn, ka tafi ba ka taɓa abinci ba.

Ba a yi wata biyu ba na ga labarin a jarida, da hoton ramin, da shekarun daidai yadda ka faɗa. Na yanke shafin na sa a aljihun tebur, na ce ranar Asabar zan kawo maka in roƙi gafara. Asabar ta zo ta wuce. Na ce sai da azumi, na ce sai da salla. Sau biyu ina shigowa Badarawa ina bin ta bayan layi don kada in wuce ta gaban rumfarka. Safiya ta yi mini magana har ta gaji. Ba aiki ne ya hana ni ba, kunya ce da girman kai. Ko daraktan ban nuna wa shafin ba.

Sai a zaman makoki na ji iyakar ɓarnar da na yi. Muhammadu tela, maƙwabcin rumfarka, ya ce tun daga sunan nan hirar benci ta mutu. Kana gyaran agogonka, kana amsa gaisuwa, amma in an kawo tambaya sai ka ce a kai wa waɗanda suka yi karatu. Shi bai san dalili ba, yana zaton tsufa ne. Ni na sani. Wata goma sha shida unguwa guda ta rasa malaminta saboda ina son wani mutum ya yi mini murmushi.

Ranar uku na shiga wajen Inna Yalwa na durƙusa na faɗa mata komai. Ashe ba ka taɓa gaya mata ba. Ta ce ranar ka dawo ka ce mata suna ya yi kyau, yaro kuma ya yi kama da ni. Sannan ta dube ni ta ce:

"Nawa na yafe maka, ɗan nan. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba."

Don haka nake shaida wa jama'a a rubuce: abin da Malam Datti ya faɗa a gidana gaskiya ne, ni ne na yi ƙarya a kansa, kuma na fi kowa sanin ya fi ni ilimi. Wanda ya yi dariya a ranar, ni na sa shi, alhakin yana wuyana.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Datti, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa abin da ya koyar da mutane ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Yalwa, da 'ya'yansa Bello da Hassana, da jikoki, da dukan mutanen Badarawa. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya gama yi masa addu'a, ya roƙa mini Allah Ya sa Malam ya yafe mini ranar da za mu tsaya a gabanSa.

Abdurrahim Yusha'u
Mando, Kaduna