Takardun da Hamza ya so ƙonawa

Alhamis, fita daga Madina

Ƙarfe shida saura kwata, gari bai gama wayewa ba, na dawo daga masallacin unguwarmu na tsaya a ƙofar gida. Matata Ramlatu ta miƙo mini jakata, ta jinjina ta tukuna, ta ce, "Malam, kwana ɗaya za ka yi ko ƙaura? Mene ne wannan nauyin?" Na ce riga ce da 'yar tsaraba. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin riga mai kusurwa huɗu ba. Littattafai uku ne a ciki, kuma ta sani.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin ina da ɗan shagon ɗinkin littattafai a wani lungu kusa da Harami, wato Masallacin Annabi. Ina da wata al'ada, ban kuma ce mai kyau ba ce: ba na mayar wa mutum littafinsa sai na karance shi. In ya zo karɓa da wuri, sai in ce gam bai bushe ba. A watan nan na karanta wani a kan kiwon zuma, na karanta wani na tarihi mai sa barci, ina kuma tsakiyar na uku, labarin wani mutum da ya yi tafiyar teku. Wani Basudane ne ya kawo shi, farkonsa ya yage, don haka ko sunan marubucin ban sani ba. Saura mini ganye talatin, jirginsu kuma yana yoyo.

Lokacin shi ne wanda mutanen nan ke kira rabi'i, 'yan makonnin da ke tsakanin sanyi da zafi. An naɗe barguna, ba a kuma fara hawa soro kwana ba. Masu na'ana'a da furen wardi sun cika bakin kasuwa, mutum ya zauna a ƙofar shago da shayinsa tun hantsi har azahar, ba gumi ba rawar ɗari. Duk shekara ba ni da lokacin da nake so kamarsa, kuma ba ƙaramin abu ne zai tashe ni daga kujerar nan ba.

Abin da ya tashe ni saƙon Gwaggo Asabe ne, ƙanwar mahaifina da ke Khaibar. Mijinta Malam Sale ya rasu a cikin sanyi. Ta aiko direba da baki cewa ɗanta Hamza ya tsinci wasu takardun babansa a cikin gwangwani, ya ce na tsibbu ne, kuma zai ƙona su ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ta ce in zo in duba, tunda ni ba takardar da nake bari ta wuce ni. Na kawo uzuri, direban ya ƙi karɓa.

Hanyar arewa

Direban shi ne Adamu, Bahaushen Sudan, mai a-kori-kura fara wadda a nan ake ce wa wanet. Ya loda buhunan fulawa da tukwanen gas, ya ba ni gaba. Ƙarfe shida da minti goma muka tashi, kafin rana ta ɗaga mun bar dutsen Uhudu a bayanmu. A shingen bincike wani soja ya duba iƙamata, wato takardar izinin zama, ya leƙa jaka, ya ɗaga littafin teku yana juya shi.

"Duk ka karanta waɗannan?" in ji shi da Larabci.

Adamu ya riga ni amsawa: "Wallahi wannan ko takardar ƙunshin biredi ya samu sai ya karanta kafin ya ci." Sojan ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

An yi ruwa sau biyu a watan, sai ga hamada ta yi wani ɗan kore-kore kamar gemun da aka kwana uku ba a aske ba. Raƙuma sun bazu suna kiwo, da ƙananan furanni masu ruwan shuni a gefen kwalta. Na buɗe littafina, Adamu ya ce in na karanta a mota zan yi amai, shi kuma ba zai tsaya ba. Na rufe, ba don tsoron amai ba. Hankalina ne ba ya wurin. Na san Malam Sale shekara talatin, mutum mai shiru-shiru da faso a ƙafa, amma wa ya san abin da ke cikin gwangwanin wani?

Ƙarfe takwas da kwata muka tsaya a Salsala, bayan tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Muka hau dogayen gadajen igiya na mai shayi, aka kawo mana wake dafaffe da man zaitun da gurasa mai zafi. Wani Balaraben ƙauye yana sayar da faga, wato wani abu mai kama da dankali da ke fitowa cikin yashi bayan ruwa. Na sayi na riyal goma don Gwaggo. Daga nan hanya ta shiga cikin baƙaƙen duwatsu, har ƙarfe tara da rabi muka hango dabinon Khaibar a ƙasan kwari.

Khaibar

Gwaggo ta tarbe ni a tsakar gida, ta rame. Bayan gaisuwa ta rage murya ta ce, "Idi, ni ban iya karatu ba. Amma shekara arba'in ina shimfiɗa wa mutumin nan tabarma, ban taɓa ganin ya rataya ko laya ba. Yaron nan ya daina ambaton sunan ubansa. Wannan ya fi mutuwar yi mini ciwo."

Hamza abokin wasana ne, ɗan gwaggo, magidanci mai shekara talatin da biyar, malamin ofis a asibitin garin. A nan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake mayarwa, kamar yawancin 'ya'yanmu. A da, muna haɗuwa zan ce masa bawana, shi kuma ya ce mini ɓeran littafi. Ran nan na tsokane shi bai ɗauka ba. Ya ajiye gwangwanin madara a gabana, na kuma lura da wani kasko da gawayi da ya riga ya tanada a gindin bango.

"Ya akhi, duba da idonka," in ji shi. "Haruffan Larabci ne, amma ba Larabci ba ne. Ga kuma wannan."

Ya zaro takarda ɗaya. Na karɓa na duba. Gidaje ne aka zana murabba'i, bakwai a tsaye shida a kwance, kowane gida da kalma a ciki in ban da ɗaya, wasu an kewaye su da jan tawada. Duk wanda ya taɓa ganin hatimin malaman tsibbu zai rantse shi ne. Hamza ya iya haɗa wasu kalmomin: Kande, Jummai, Dije, duk sunayen mata. Ya sa yatsa a wani gida na ƙasa, inda aka rubuta Hamza. Ya ce sau uku yana neman a mayar da shi aiki Jidda abin yana lalacewa, kuma babansa bai taɓa son ya bar gona ba. Yanzu ya gane ɗaure shi aka yi.

Rubutun ajami ne, Hausa da haruffan Larabci, irin wanda mahaifina ya koya mini kafin in iya na boko. Na ajiye mai gidajen, na ɗauki ta ƙasanta, na fara karantawa a fili, a hankali, don hannun marigayin ba shi da kyau:

"Kande, ta bakin magudana. Ita ke fara buɗewa. A ba ta tsinke biyar na namijin gabas, kada a wuce kwana uku."

Gwaggo ta ɗago kai. "Kande ai ƙanwarsa ce, wadda ya baro a gida tana rarrafe. Jummai kuma uwarsa."

Na ce su tashi mu je gona, da takardun a hannuna.

Gonar tana ƙasan tsohon gari, tafiyar minti ashirin a ƙafa, ruwan marmaro yana bi ta tsakiyarta. Na tsaya a kusurwar gabas na ƙirga layuka: bakwai da shida. Inda takarda ta bar gida ɗaya fanko, nan ne bakin marmaron. Gidajen da aka kewaye da ja kuwa mazan dabino ne, guda uku. Malam Sale ya taka ƙasa tun daga garinsu a ƙasar Hausa har nan yana saurayi, bai sake komawa ba. Ashe kowace bishiyar dabino da ya dasa sai ya raɗa mata sunan wani da ya baro, ya kuma rubuta halinta: wadda ke son ruwa, wadda ke zubar da 'ya'ya in iska ta yi yawa, namijin da ya dace da kowace a lokacin barbara. Lokacin kuwa ya yi, don kwanson furen Kande ya riga ya tsage, ƙamshinsa ya cika wurin.

Na yi ta karantawa muna bin layi, Gwaggo tana faɗin ko wace ce. Wasu ta sani, wasu ita ma ran nan ta fara jin su. Hamza yana biye da mu har muka kai layin ƙarshe, ga wata gajeriyar dabino da ko alamar kwanso babu a kanta. Ya ce da ma ita yake shirin sarewa bana. Na nemo takardarta na karanta:

"Hamza. Na dasa ta ranar sunansa. Ba ta son a matsa mata da ruwa. Ita ce ƙarshen buɗewa, har mutum ya fid da rai. Kada kowa ya yi mata gaggawa. Duk gonar ba wadda nake so kamarta, sai dai ban taɓa gaya mata ba."

Hamza ya ce in sake. Na sake. Ya juya mana baya ya dafa kututturen, ya daɗe a haka. Ni kaina sai da na nemi abin dubawa a cikin ruwan magudana. Gwaggo ta zauna a kan kunya tana share ido da bakin mayafi, tana cewa, "Allah ya jiƙanka, Malam. Kai da bakinka ba ka iya magana ba."

Da la'asar, a kaskon nan da gawayin da aka tanada don takardu, Gwaggo ta gasa mana faga, ta kuma yi tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa da wani alhaji ya kawo mata. Na ci har na ji kunya.

Juma'a, da komawa

Tun da sanyin safiya muka koma gona. Hamza ya tuɓe farar rigarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau namijin gabas ya yanko fure. Ni ina ƙasa da takarda ina faɗa masa adadi, shi yana cusa tsinkayen a cikin furen mace yana ɗaurewa da ganye. Mun yi wa shida kafin lokacin masallaci. Ya sauko hannu duk ƙaya, na ce ashe bawana bai manta aikin gidan ubangijinsa ba. Ya ce ɓera dai ko dabino ɗaya bai hau ba. Nan na san ya dawo.

Ƙarfe biyu da rabi Adamu ya yi hon a ƙofar gida. Na riga na kwafe wa Hamza abin da zai bukata da Larabci a 'yar takarda. Ya kawo gwangwanin da kansa har mota, ya ɗora mini a cinya, ya yi ta laluben kalmomi, sannan ya ce da Hausa, Hausar da rabona da jin ta a bakinsa tun yana yaro: "Yaya Idi, ka ɗinke su da kyau. Ka sa sunan Baba a kai."

Ba mu tsaya ko'ina ba sai shingen bincike. Sojan jiya ne, ya nuna gwangwanin ya ce wannan fa? Na ce littafi ne, bai dai samu bango ba tukuna. Ƙarfe shida saura muka hango hasumiyoyin Harami, na sauka a bakin lungunmu ana shirin kiran magariba. Ramlatu ta karɓi jaka ta ce ta ga nauyin bai ragu ba, har ma an ƙaro gwangwani.

Washegari Basudanen ya zo, na miƙa masa littafinsa ban ce komai a kan gam ba. Har yau ban san ko jirgin nan ya kai gaɓa ba. Mako biyu na yi a kan takardun Malam Sale, na lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya, na yi musu bangon fata, na buga sunansa a gaba. A duk littattafan da suka ratsa shagona, shi kaɗai ne na taɓa cin tuwo da marubucinsa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Adamu da bai karɓi uzurina ba ranar da ya kawo saƙo, na kuma gode wa Gwaggo da ta ƙi yarda da abin da idon masu karatu ya gani. Adamun ne ya kai littafin Khaibar. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar shago, bai ko kashe mota ba, ya ce Hamza ya ba shi saƙo, ya kuma ce lallai da Hausa za a faɗa mini.

Na ce ina ji.

Ya ce, "Wai takwararsa ta buɗe."