Zaren Gilas da Girbin Ƙanena

Muna sallame sallar asuba muka tashi daga Aujara, ni da ɗan ƙanena. An ba shi gurbin bincike a ƙasar waje kan aika saƙo ta hanyar haske. Mahaifinsa ya ce wannan wasan madubi ne, ga kuma gero ya kusa nuna. Daga bisani suka yarda cewa abin da na yanke shi ne hukunci. Na ce sai na je Dutse na ga aikin da idona.

Motar ta cika har da awaki. Direba ya ƙara kuɗi a Jahun, ya ce laifin mai ne. A Kiyawa muka karya da ƙosai mai zafi. Da hantsi duwatsun Dutse suka bayyana, dabino tsaitsaye a gindinsu. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya kafa su.

Malamin da ya koyar da yaron a jami'a yana nuna aikinsu a wani zaure. Ya ɗora mini zaren gilas a tafin hannu, bai fi gashi kauri ba.

"Allah ya gafarta Malam, riƙe wannan bakin."

Ya haska ɗaya bakin, sai ga jan haske a yatsana, duk da zaren a nannaɗe yake. Na yi tasbihi. Ya ce maganar mutane masu yawa na bi ta ciki a lokaci guda. Amma kafin a tace saƙon ko a karkata shi, sai an mayar da hasken ya zama lantarki, sannan a sake mayar da shi haske, kuma a nan ake jinkiri. Burinsu haske ya gyara haske.

Nan na tuna malaman hadisi. Sun halatta ruwaya da ma'ana, amma sun fifita wanda ya isar da lafazi yadda ya ji shi. Ashe amanar isar da saƙo mutanen nan suke wa hidima.

Da la'asar muka dawo. Tafiyar ta koya mini kada in yanke wa ilimi hukunci kafin in taɓa shi da hannuna. Na ce wa ƙanena a bar yaron ya tafi.

"To Yaya, wa zai yi mini girbi?"

"Ni da 'ya'yana."

Na ɗauka zai ji nauyin furfurata. Washegari ya aiko mini da magirbi, a washe.