Bargon da Fetur Ke Ci

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da na mai da ɓargo bargo ba.

Lokacin ina aiki a wani garejin gyaran babura a garin Garuwa. Da fetur muke wanke hannu, da baki muke zuƙo shi ta tiyo. Rannan aka kira taron faɗakarwa kan wata guba da ke cikin fetur, wai benzin. Maigida ya tura ni, don ni ne mai cika baki da karatu. Allah ya gafarta mini, ina cin shinkafar taron na yi barci. Da na farka, sai takardar mannawa a bango na tarar a cinyata. An buga ta da Faransanci da Hausa, amma injin da ya buga ta ba shi da harafi mai lanƙwasa.

Na dawo na tara mutane, na karanta da ƙarfi: "Benzin yana lalata bargo."

Tsohon makanikenmu ya ce, "Bargo? Na rufa?"

Na ce, "Shi fa, Baba. Likitoci sun yi bincike."

Ya share gumi ya ce, "A zafin Garuwa wa ke da bargo? Mun tsira!" Maigadi kaɗai ya tsorata, ya kwashe nasa ya kai gida. Muka ci gaba da zuƙar fetur hankali kwance, har da wani abokin aikina da ya daɗe yana fama da jiri da haɓo.

Bayan kwanaki sai ga malamar da ta yi faɗakarwar. Ta tambaya me muka gyara. Baba ya dafa ƙirji ya ce, "Madam, duba ko'ina, ko bargo ɗaya babu."

Sai ta ƙwanƙwasa ƙashin hannunta ta ce, "Baba, wanda ke cikin nan nake nufi, inda jini ke fitowa." Duk suka juyo suka zuba mini ido. Abokina kuwa hancinsa kawai ya taɓa. Wannan ya fi zagi ciwo.

A ranar na goya shi a babur zuwa asibiti. Allah ya sa an tari abin da wuri. Maigida ya sayo famfon hannu na zuƙo fetur da sabulu, ni kuma har yau Mai Bargo ake kirana.

Tun daga nan, in aka aike ni jin magana, sai na ji ta kafin in ci shinkafa. In ban gane ba, na ce ban gane ba.