Kunnen Baba

Wata Asabar cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya kama hannuna ya tsayar da ni gaban wata farar mota a garejinsa na Sharada. Bonet a ɗage, inji na aiki, mai motar ya tsallaka titi shan shayi. Baba ya shiga ya murɗa sitiyari har ƙarshe, motar ta saki kuka mai tsawo, sai ya leƙo ta taga ya zuba wa bakina ido. "Ummi, me ta ce?" Na kwaikwayi kukan ina dariya, bai motsa ba. Sai da na kai bakina daf da kunnensa na hagu na maimaita, sannan ya gyaɗa kai. A ranar na gane cewa Baba ya kusa daina ji, kuma ban da Inna babu wanda ya sani.

Shekara da shekaru ya yi yana gyaran injinan saƙa a wata masaƙa a Bompai, inda ƙara ke sa ma'aikata yin magana da hannu. Da masaƙar ta rufe, ya fito da akwatin sifanu da kunnen da ya fara mutuwa, ya kafa rumfar kwano ya koma gyaran mota. Makanike kuwa da kunne yake ci. Da labari ya fita, babu mai sake kawo masa ko keke, shi ya sa bai taɓa ɗaukar yaran gareji ba, ya ce bakinsu ba ya riƙe magana. Ni ya zaɓa, ni da a gida ake cewa ko ɓera ya yi tari a ɗakin girki sai na ba da labari.

Ya koya mini kukan sitiyari kamar karatun allo. In ƙara ce mai tsini, irin ta ƙyauren da ya yi tsatsa, bel ne ya saki. In kuka ne mai ja yana hawa yana sauka, sai a buɗe tankin man sitiyari, in jan man nan ya yi kumfa, iska ce ta shiga ta tiyo, sai a ɗaure tiyon, a ɗaga gaban motar da jak, a yi ta juya sitiyari dama da hagu har kumfar ta kwanta. Wanda ya fi tsoro shi ne gurnanin da ke fitowa daga can ciki, don wannan famfo ne ya gaji. Muka yi alamunmu: in ja bakin ɗankwalina in bel ne, ko in kumbura kumatu in iska ce, ko in sosa maƙogwaro in famfo ne.

Kullum aka tashi daga makaranta sai in cire yunifom, in ɗauki kwanon tuwonsa, in ratsa tsakanin tireloli da ƙamshin sabulun da ke fitowa daga masana'antu. A gindin rumfa muke 'yar carafke da 'yar mai abinci, da notuna maimakon duwatsu, amma kunnena yana kan kowace motar da ta shigo. Masu motoci sun ɗauka 'yar lele ce kawai ke bin ubanta. In suka yaba masa, sai ya ƙyafta mini ido ya ce, "Mota ba ta ɓoye ciwonta." Ni kuwa in yi ta hura hanci, kamar ni na ƙera motar.

Haka muka yi har ranar jarrabawar shiga sakandare. Da safe ina saka takalmi, direban wani manaja na kamfanin fatu a Challawa ya yi sallama. Motar maigidansa ce ke kuka, ana so kafin azahar, kuma in aiki ya yi kyau duk motocin kamfanin Baba za a kawo wa. Na ce mu fara biyawa gareji in saurara. Baba ya dubi rana, ya miƙa mini fensirina. "Je ki rubuta, Ummi. Wannan tawa ce."

Ina fitowa na kwasa da gudu. Tun daga kwanar titi na jiyo gurnanin, na san famfo ne. Ashe Baba ya ga bel ya tsattsage, ya canza shi, ya ƙara mai. Na tarar manajan da kansa ya zo, makanikan maƙwabta sun taru, direba na murɗa sitiyari motar na ta kururuwa, Baba kuma yana goge hannu da tsumma yana murmushi. "Alhaji, kun ji ta yi shiru, ko?" Babu wanda ya yi dariya, kuma da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Na tsaya a bayansu ina sosa maƙogwaro kamar zan yage shi. Ya hango ni, murmushin ya gushe a hankali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A hanyar gida ya tambaye ni jarrabawa. Na ba shi amsa ina kuka, bai ji ba, ya ce madalla. Motoci suka yi ta raguwa, kafin lokacin kaka Baba ya kwance rumfar ya koma noman albasa a gefen kogin Challawa. Na ci jarrabawar, na tafi makarantar kwana, kuma ko sau ɗaya bai ɗora mini ranar nan ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Yanzu in na kai motata gyara a Sharada, wani matashi ne ke jona na'ura, ya karanta ciwon a fuskar allo, waƙa na tashi a kunnuwansa biyu. Sitiyarin ma na lantarki ne, babu famfo babu mai. Nakan zauna a benci ina kallonsa, kewa ta cika ni. Aikin ya koma na ido, ga shi idon Baba, har ya koma ga Allah, ras yake.